"Gidana ne, na sayar wa wanda na ga dama": shekara 150 ana jayayya kan wariya a cinikin gida da haya a Amurka

A farkon shekarar 2025 ma'aikatar gidaje ta Amurka, wadda aka fi sani da HUD, ta soke wata ƙa'ida da ke neman birane da jihohi su nuna a rubuce abin da suke yi don rage rabuwar unguwanni tsakanin farare da baƙaƙe. A watan Afrilun shekarar kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ce hukumomin tarayya su janye jiki daga bin ƙararrakin wariya waɗanda ba a kafa su kan hujjar niyya ba. Mai jin labarin a gurguje zai iya ɗauka an halatta wa mai gida ya hana baƙar fata haya. Ba a halatta ba. Dokar da ta haramta haka tana nan daram, kuma majalisa kaɗai ke iya taɓa ta. Abin da ya motsa shi ne wanda zai bi kadin wanda aka cuta, da irin hujjar da za a karɓa daga gare shi. A kan waɗannan biyun aka fi gwabzawa tun daga 1866.

Inda hannun gwamnati ya tsaya

Duk tarihin ya rataya ne a kan bambanci guda da shari'ar Amurka take yi, tsakanin aikin gwamnati da aikin mutum mai zaman kansa. Gyaran kundin tsarin mulki na 14, wanda aka yi a 1868 bayan yaƙin basasa, ya hana jihohi bambanta 'yan ƙasa a gaban doka. A 1883 Kotun Ƙoli ta fassara shi da cewa gwamnati kawai ya ɗaure wa hannu. Mai otal da mai masauki, da duk wanda ke juya dukiyarsa, ba su cikin lissafi. Daga nan aka samu mafakar da masu gidaje da dillalai suka fake a cikinta shekara tamanin da 'yan kai: gidana ne, kuɗina na sa, babu ruwan hukuma da wanda na zaɓa.

Alhali akwai wata doka da ta girmi wannan hukunci. A watan Afrilun 1866 majalisa ta zartar da dokar 'yancin ɗan ƙasa duk da ƙin amincewar Shugaba Andrew Johnson. Jimla ɗaya a cikinta ta ce kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙi iri ɗaya da na farar fata wajen gado da saye da sayarwa da haya da mallakar dukiya. Ba a taɓa soke jimlar ba. An dai ɗauka ita ma gwamnati take nufi, aka ajiye ta tana shan ƙura har shekara 102.

Daga dokar gari zuwa sharaɗin takarda

Daga wajen 1910 baƙaƙen fata suka fara kwarara daga jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma, ƙaurar da ta kwashi mutum kusan miliyan 6 kafin 1970. Birane suka fara da hanya mafi sauƙi. Baltimore ta yi doka a 1910 da ta raba layuka: baƙi ba zai tare a layin da farare suka fi yawa ba, fari ma haka. Wasu garuruwan suka kwaikwaya, suna kafa hujja da zaman lafiya da kiwon lafiya.

Ƙungiyar NAACP, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta shirya zakaran gwajin dafi a Louisville. William Warley, baƙar fata kuma shugaban reshenta na garin, ya yi cinikin fili da wani dillali farar fata, Charles Buchanan, a layin da farare suka fi yawa, sannan ya ƙi biya da hujjar cewa doka ta hana shi zama a wurin. Buchanan ya kai ƙara. A 1917 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, sai dai dalilinta yana da muhimmanci: ta fi ba da ƙarfi kan cewa an tauye wa mai dukiya 'yancin sayar da abinsa. Wato haƙƙin mallaka ne ya yi nasara, kuma da shi ɗin za a yaƙi baƙaƙe daga baya. A shekarar nan ta 1917 ne ma gwamnatin Lugard ta fitar da dokar birane a Nijeriya, wadda ta tabbatar da keɓe unguwar Turawa da sunan kariya daga cuta, asalin abin da ake ce wa GRA yanzu.

Da aka hana gari yin doka, sai maƙwabta suka koma yi wa juna alkawari. Ana rubuta sharaɗi a cikin takardar gida, ko masu gidajen layi su haɗu su sa hannu, cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga baƙar fata ba, wani wurin har da Yahudawa da 'yan Asiya. Sharaɗin yana bin gidan ne ba mai shi ba, don haka ko an sayar sau goma yana nan. Idan wani ya saɓa, maƙwabci na iya kai ƙara kotu ta fitar da wanda ya saya. A 1926, a shari'ar Corrigan da Buckley daga Washington, Kotun Ƙoli ta ce wannan yarjejeniya ce tsakanin mutane, kundin tsarin mulki bai shafe ta ba. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa kuwa tun 1924 ta rubuta a ƙa'idojin sana'arta cewa dillali kada ya shigo da mutanen wani jinsi unguwar da zuwansu zai karya darajar gidaje. Sai a 1950 aka cire ambaton jinsi daga wannan sashe.

Inda takarda ta gaza, dutse ke aiki. A 1925 Dakta Ossian Sweet, likita baƙar fata, ya sayi gida a unguwar farare a Detroit. Taron jama'a ya kewaye gidan yana jifa, aka yi harbi daga ciki, mutum ɗaya ya mutu. Lauya Clarence Darrow ya kare Sweet da waɗanda ke cikin gidan, kuma a shari'a ta biyu a 1926 aka wanke ƙanen Sweet, Henry. Hujjar da ta cece su ita ce dai wadda farare ke taƙama da ita, cewa mutum yana da ikon kare gidansa.

Kasuwar da ake cewa ta masu zaman kansu ce

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Yawancin Amurkawa ba sa sayen gida da kuɗi hannu. Banki ke biya, a jinginar masa da gidan, mutum ya yi ta biya shekara ashirin ko talatin. Wannan tsari na dogon bashi gwamnatin tarayya ce ta yaɗa shi bayan karyewar tattalin arziki na shekarun 1930. A 1933 ta kafa hukumar HOLC don ceto masu gidajen da bashi ya ci, hukumar kuma ta zana taswirar birane sama da 200 da launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Ja na nufin haɗari ga mai ba da bashi, kuma kusan duk inda baƙaƙe ke zaune ja aka shafa masa. Daga nan aka samo kalmar da ake iya fassarawa da jan layi, wato hana wata unguwa bashi ko inshora saboda mutanen da ke cikinta.

Masana tarihi sun saɓa kan yawan ɓarnar da taswirorin kansu suka yi, domin wasu na ganin sun zana abin da ya riga ya kafu ne kawai. Inda ba a cika jayayya ba shi ne rawar hukumar FHA da aka kafa a 1934, wadda ke tsaya wa bankuna idan mai bashi ya kasa biya. Littafin ƙa'idojinta ya ba da shawarar a sa sharaɗin wariya a takardun sababbin unguwanni, ya kuma ɗauki cakuɗuwar jinsi a matsayin abin da ke karya daraja. Unguwar Levittown da aka fara ginawa a 1947 a wajen New York, gidaje sama da 17,000, ta samu wannan garanti, kuma takardunta sun ce farare kaɗai za su zauna, in ban da barorin gida. Tsohon soja farar fata na iya tarewa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abokin yaƙinsa baƙi ba ya ko samun fom.

Saboda haka maganar "babu ruwan hukuma" tana da rauni tun daga tushe. Kamfani ne ya gina, banki ne ya ba da bashi, amma gwamnati ce ta ɗauki kasadar, ita ce kuma ta gindaya sharaɗin.

Shelley: alƙali ma gwamnati ne

J. D. Shelley da matarsa Ethel, baƙaƙen fata, sun baro Mississippi zuwa St. Louis, suka sayi gida a 1945. Ashe tun 1911 masu gidaje 30 cikin 39 na wurin sun sa hannu kan sharaɗin shekara hamsin. Wani maƙwabci, Louis Kraemer, ya kai ƙara. Aka haɗa shari'ar da wata irinta daga Detroit wadda Thurgood Marshall, lauyan NAACP, ya tsaya wa. Alƙalai uku cikin tara suka janye daga sauraro, sauran shidan suka yi hukunci baki ɗaya a watan Mayun 1948.

Dabarar hukuncin ita ce: mutane na iya rubuta abin da suke so a tsakaninsu, kuma idan sun cika alkawarin don kansu babu laifi. Amma ranar da aka nemi kotu ta tilasta shi, gwamnati ta shigo, domin alƙali da ɗan sandan da zai fitar da kaya ma'aikatanta ne. A 1953 kotun ta ƙara da cewa ba za a ci wanda ya saɓa sharaɗin tarar diyya ba. Sharaɗin ya rasa haƙora ke nan, amma bai zama haramun ba. Mai gida na da ikon duban mutum ya ce ba zai sayar masa ba saboda fatarsa, kuma babu inda za a kai shi. FHA ma sai a 1950 ta daina tsaya wa gidajen da aka sa wa sabon sharaɗi.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa wariya sana'a ce mai riba. Wasu dillalai suka ƙware a tsoratar da unguwa: su sayar wa iyali ɗaya baƙi gida, su bi ƙofa-ƙofa suna raɗa wa farare cewa daraja za ta faɗi, su saye gidajen da araha, su sayar wa baƙaƙe da tsada. Tunda banki ba ya ba baƙi bashi, sai a sayar masa bisa kwantiragi. Yana biya wata-wata, gyara a wuyansa, amma takardar gida tana hannun mai sayarwa har sai an gama biya. Ya kuskure wata ɗaya, a kore shi, duk abin da ya zuba ya bi ruwa, a sake sayar wa wani. A Shikago wannan ya yi yawa har masu saye suka kafa ƙungiya a 1968 suka daina biya don a sake lissafi. Tarzoma ma ba ta tsaya ba. A 1951 dubban mutane suka far wa wani bene a Cicero, kusa da Shikago, saboda Harvey Clark, baƙar fata, tsohon soja kuma direban bas, ya kama haya a ciki.

Jihohi sun fara, masu zaɓe sun ja da baya

Birnin New York ne ya fara haramta wariya a gidajen masu zaman kansu a 1957, jihohi irin su Colorado da Massachusetts suka biyo a 1959. John Kennedy ya ce a yaƙin neman zaɓen 1960 shugaba na iya kawar da wariya a gidajen da gwamnati ke tallafawa da zanen alƙalami guda. Da ya yi ta jan ƙafa, mutane suka riƙa aika masa alƙaluma ta gidan waya. Ya sa hannu a Nuwamban 1962, umarnin kuma bai taɓa gidajen da aka riga aka gina ba, balle na kasuwa zalla. A lokacin abin ya zame wa Amurka abin kunya a idon duniya, domin jakadun ƙasashen Afirka da suka samu 'yanci suna isa Washington ana hana su hayar gida a manyan unguwanni, har ma'aikatar harkokin waje ta keɓe jami'an da ke bin masu gidaje suna lallashi.

Kalifoniya ta nuna inda ra'ayin jama'a yake. A 1963 majalisar jihar ta zartar da dokar Rumford, mai ɗauke da sunan ɗan majalisa baƙar fata William Byron Rumford. Ƙungiyar dillalan jihar ta tattara sa hannu ta kai maganar ƙuri'ar raba gardama, kuma a 1964 kusan kashi 65 cikin 100 suka amince a rubuta a kundin jihar cewa mai gida na da cikakken ikon ƙin wanda ya ga dama. Rana ɗaya ce da zaɓen shugaban ƙasa da Lyndon Johnson ya lashe jihar da rinjaye mai yawa. Mutanen da suka yarda a buɗe gidan abinci da rumfar zaɓe a kudu ba su yarda a buɗe layinsu ba. Kotun Ƙoli ta rushe wannan gyara a 1967 da ƙuri'a 5 da 4.

Martin Luther King ya gamu da irin wannan a Shikago a 1966, inda aka jefe shi da dutse a ka a Marquette Park. Ƙudirin dokar gidaje na shekarar ya mutu a majalisar dattawa. A Milwaukee matasan NAACP tare da limamin coci James Groppi suka yi zanga-zanga dare 200 a jere.

Mako guda a Afrilun 1968

Sanata Walter Mondale da Sanata Edward Brooke, wanda shi kaɗai ne baƙar fata a majalisar dattawa a lokacin, suka sake gabatar da ƙudirin. Kwamitin Kerner da ya binciki tarzomar 1967 ya fito da rahoton da ya ce ƙasar na rabuwa gida biyu, baƙi da fari. Don a samu ƙuri'un da za su kashe dogon surutun masu adawa, sai da aka sasanta da Everett Dirksen, jagoran 'yan Republican. Farashin sulhun shi ne a cire wa HUD ikon hukunta kowa. Ƙudirin ya wuce dattawa a Maris, ya maƙale a majalisar wakilai. Ranar 4 ga Afrilu aka kashe King a Memphis, wuta ta tashi a birane sama da 100. Ranar 10 wakilai suka amince, sojoji na gadin ginin majalisa, ranar 11 Johnson ya sa hannu.

Dokar ta haramta ƙin sayarwa ko ba da haya, da bambanta farashi ko sharaɗi, da ƙaryar cewa gida ya ƙare, da tallan da ke nuna fifiko, da tsoratar da unguwa, saboda jinsi, launi, addini ko ƙasar asali. An ƙara bambancin mace da namiji a 1974, sannan naƙasa da iyali masu yara a 1988. Ta kuma bar ƙofofi biyu a buɗe. Mai gidan da bai wuce sassa huɗu ba kuma yana zaune a ɗaya ba ya ciki, abin da ake kira togaciyar Misis Murphy, sunan wata tsohuwa ta ƙage da 'yan majalisa ke buga misali da ita. Haka wanda gidajensa ba su wuce uku ba idan ya sayar da gidan da kansa ba tare da dillali ba.

Wata biyu bayan haka aka tashi tsohuwar doka daga barci. Joseph Lee Jones, baƙar fata, ya nemi gida a wata sabuwar unguwa kusa da St. Louis a 1965, kamfanin Alfred H. Mayer ya hana shi. Lauyoyinsa suka dogara da jimlar nan ta 1866. A ranar 17 ga Yuni 1968 kotu ta ce, da ƙuri'a 7 da 2, jimlar ta shafi masu zaman kansu, kuma majalisa na da ikon yin ta a ƙarƙashin gyara na 13 da ya soke bauta, domin hana mutum sayen gida saboda fatarsa ragowar bauta ce. Mai shari'a Potter Stewart ya rubuta cewa dole dala a hannun baƙi ta sayi abin da dala ke saye a hannun fari. Dokar 1866 ba ta da togaciya, don haka ko Misis Murphy ba ta tsira ba idan maganar launin fata ce.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu adawa da dokar a shekarun 1960 ba dukkansu ke kare wariya a fili ba. Hujjarsu ita ce mallaka ba ta cika ba idan ba ka da ikon ƙi, kuma tilasta wa mutum ciniki shiga haƙƙinsa ne ko da dalilinsa mummuna ne. Ronald Reagan ya soki dokar Rumford a kan wannan tushe lokacin da yake neman gwamnan Kalifoniya a 1966. Wasu kuma tsoronsu na aljihu ne, tunda gida shi ne duk abin da suka tara. Masu goyon baya suka amsa cewa mai saye ma yana da haƙƙin mallaka, kuma faɗuwar darajar da ake tsoro guduwar fararen ce ke haddasa ta. A cikin baƙaƙe ma an rabu. Wasu na ganin mafita ita ce a buɗe unguwannin farare, wasu na ganin hakan zai kwashe masu hali ya bar talakawa, gara a zuba jari inda mutane suke.

Yau da wuya a sami ɗan siyasar da zai ce a soke haramcin. Reagan ɗin ne ma ya sa hannu a gyaran 1988, wanda ya fitar da dokar daga zaman kyanwar Lami. Kafin nan HUD sulhu kawai take iya nema, wanda aka cuta yana da kwana 180 ya kai ƙara da kuɗinsa, tarar ladabtarwa kuma ba ta wuce dala 1,000. Gyaran ya kawo alƙalan hukuma, ya cire wannan iyaka, ya tsawaita wa'adi.

Jayayyar ta koma kan abu biyu. Na farko, niyya ko sakamako. Idan ƙa'ida ba ta ambaci fata ba amma ta fi faɗa wa baƙaƙe, kamar hana gina gidajen haya a wani gari ko ƙin duk wanda aka taɓa kamawa, wariya ce? A 2015, a wata shari'a daga Teksas, kotu ta ce ana iya ƙara a kan haka, da ƙuri'a 5 da 4, amma alƙaluma kaɗai ba su isa ba, sai an nuna ƙa'idar ce ta haifar da bambancin kuma babu dalili mai ƙarfi a bayanta. Mai shari'a Samuel Alito, cikin waɗanda suka ƙi, ya kawo misalin birnin St. Paul, inda masu gidajen haya suka yi ƙarar hukuma don ta matsa musu su gyara gidaje masu ɓeraye, suna cewa tsadar gyaran za ta fi cutar da baƙaƙe. A ganinsa ma'aunin da ke ba da damar irin wannan ƙara ya kauce. Masu goyon baya na cewa yanzu babu mai rubuta niyyarsa a takarda, don haka neman hujjar niyya daidai yake da rufe ƙofar kotu.

Na biyu, wata jimla a dokar 1968 da ta umarci gwamnati ta yi aiki tuƙuru don tabbatar da manufarta, ba jiran ƙorafi kawai ba. George Romney, ministan gidaje a zamanin Nixon, ya gwada hana kuɗin tarayya ga garuruwan da ke rufe ƙofa, Nixon ya taka masa burki. Gwamnatin Obama ta fitar da ƙa'ida a 2015, aka soke a 2020, aka maido da wani ɓangare a 2021, aka sake sokewa a 2025. Masu suka na cewa Washington na ƙwace wa garuruwa ikon tsara kansu tare da lafta musu aikin takarda. Masu karewa na cewa wanda ya karɓi kuɗin tarayya dole ya karɓi sharaɗinsu.

Yadda ake kama abin da ba a faɗa

Wanda aka ce wa "an riga an kama" ba shi da hanyar sanin ko gaskiya ne. Shi ya sa ƙungiyoyi suka ƙirƙiro gwaji: a tura mutum biyu, baƙi da fari, da albashi da tarihin bashi iri ɗaya, wurin dillali ɗaya, kowa ya rubuta abin da aka gaya masa. A 1982 Kotun Ƙoli ta amince 'yar gwaji Sylvia Coleman, wadda aka yi wa ƙaryar babu ɗaki a yankin Richmond alhali an gaya wa abokin aikinta fari akwai, tana da ikon ƙara ko da ba ta yi niyyar kama hayar ba.

HUD ta yi irin wannan gwaji a faɗin ƙasa a 1977, 1989, 2000 da 2012. Rufe ƙofa kai tsaye ya ragu ƙwarai. Abin da ya saura ya fi laushi: a 2012 an gaya wa baƙi mai neman haya gidaje ƙasa da na fari da kashi 11 cikin 100, mai neman saye kuma da kashi 17. Akwai kuma karkatarwa, inda dillali ke kai kowa unguwar "irinsa" yana fakewa da zancen makarantu. Jaridar Newsday ta yi binciken shekara uku a Long Island, yankin da Levittown take, ta wallafa a 2019 cewa a kashi 49 cikin 100 na gwajin an bambanta baƙaƙe. Bankuna ma sun juya salo, daga hana bashi zuwa tura masu tsada. Countrywide ya amince ya biya dala miliyan 335 a 2011, Wells Fargo miliyan 175 a 2012, kan zargin cajin baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka fiye da farare masu matsayi ɗaya. Facebook kuma ya sasanta a 2019 da 2022 kan tsarin tallansa da ke iya ɓoye tallan gida ga wasu rukunin mutane.

Ga mai neman gida a yau

Ɗan haya, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo daga Kano ko Yamai ko Kumasi, dokar 1968 ta rufe shi, domin "kowane mutum" ta ce, kuma addini da ƙasar asali suna cikin abin da ta kare. Yana da shekara ɗaya ya kai ƙorafi HUD ba tare da biyan komai ba, ko shekara biyu ya shigar da ƙara kotu. Jihohi da birane da yawa na da nasu dokokin da suka fi na tarayya faɗi. Sauyin 2025 bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, hukuncin 2015 ma yana nan, don haka mutum ko ƙungiya na iya ƙara a kan sakamako. Abin da zai ragu shi ne lauyoyin gwamnati a irin waɗannan shari'u masu tsada, waɗanda ke buƙatar masana lissafi da shekaru. Nauyin zai ƙara komawa kan ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda dama su ke karɓar kusan kashi uku cikin huɗu na ƙorafe-ƙorafe sama da 30,000 da ake yi a shekara, kuma yawancinsu da tallafin HUD suke aiki. Fiye da rabin ƙorafin yanzu kan naƙasa ne, wataƙila don mai keken guragu yana ganin abin da aka hana shi da idonsa.

Dokar ba ta mayar wa kowa abin da ya wuce ba. Kusan kashi 74 cikin 100 na iyalan farare ke da gidan kansu, baƙaƙe kuwa wajen 45, tazarar da ta ɗan fi ta 1960. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyali farar fata dala 285,000 ce, ta baƙi kusan 44,900. Masana na jayayya kan kason da za a ɗora wa wariyar yau, da na bambancin albashi, da na gado, amma gidan da kaka ya saya da garantin gwamnati a 1950 shi ne sau da yawa kuɗin kafin alƙalamin jika.

Sharuɗɗan nan kuwa har yanzu suna cikin takardun gidaje masu ɗimbin yawa, domin rushe ƙarfinsu bai goge rubutun ba. Masu bincike a Minneapolis sun tono dubbai daga rumbun rajistar filaye. Jihohi da dama, ciki har da Minnesota da Kalifoniya, sun tanadi fom da mai gida zai cike a rubuta a rajista cewa sharaɗin ya faɗi.